Daftarin Farko Zanen Aro Ne: Martani Daga Yawuri

Malam, na karanta maƙalarka wadda ka yi wa matasan marubuta nasiha da su daina wahalar da kansu wajen gyaran littafi. Bari in maimaita abin da na fahimta, in na ƙara maka ko na rage sai ka gyara mini, ko da yake ka ce ba ka son gyara. Ka ce labari da zafinsa yake fitowa, wanda duk ya koma yana sake rubuta shi zai huce masa a hannu. Ka ce sake rubutu al'adar Turawa ce da 'yan boko suka jajibo mana, tunda Bahaushe mai ba da labari bai taɓa ce wa masu sauraro su dakata ya goge ba. Ka rufe da zancen kasuwa, cewa masu karatu na jira, marubuci na da iyali, wanda ya tsaya gyara zai iske an ci kasuwa an watse. Hujjarka ta uku tana da nauyi, zan zo kanta. Ta biyu tarihi bai tsaya mata ba. Ta farkon ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ita matasa za su fi saurin haɗiyewa, ita ce kuma za ta fi yi musu illa.

A ganinka daftarin farko shi ne muryar marubuci ta ainihi. Rubuce-rubucen da matasa ke kawo mini a nan Yelwa sun nuna mini akasin haka. Idan hannu yana gudu, ba daga zuciya yake ɗebowa ba, abin da ke kusa yake wawura, kuma ba abin da ya fi kusa da sabon marubuci irin littattafan da ya karanta da finafinan da ya kalla. Shi ya sa yaron da aka haifa a Ngaski, wanda bai taɓa yin mako guda a Kano ba, zai buɗe shafinsa na farko da tangamemen gida a Abuja, da hamshaƙin ɗan kasuwa da ya sauka daga Dubai, da budurwa fara doguwa mai dara-daran idanu. Ba ƙarya yake nufin yi ba. Ya ɗauka ne haka littafi yake, cewa labari ba ya zama labari sai an kai shi inda sauran littattafai suka kai nasu. Kogin da yake wanka a ciki tun yana yaro ba ya shiga, kasuwar albasa ba ta shiga, Basarken da ke sayar wa uwarsa kifi ba ya shiga. Zafin da kake cewa a kiyaye kada ya huce, sau da yawa zafin tukunyar wani ne.

Wata ɗaliba daga wani ƙauyen bakin ruwa ta taɓa kawo mini littafin da ta rubuta a takardun makaranta. Labarin soyayya ne tsakanin wata yarinya da wani likita, ga kishiyar uwa, ga auren dole, ga haɗarin mota a daidai inda ake tsammaninsa. Hausarta tana da daɗi, ba laifi. Can tsakiyar littafin sai ga wata tsohuwa ta ɓullo a layi biyu kacal. Ana shirin zuwa ziyarar maƙabarta, ita kuwa ta ce ba ta da inda za ta je, kabarin uwarta yana ƙarƙashin ruwa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba, aka koma kan likita. Na tambayi yarinyar wace ce wannan tsohuwa. Ta ce kakarta ce, ta saka ta ne don ta cike shafi. Na ce ta ba ni labarinta, ta yi ta zuba har aka kira la'asar: yadda aka tashe su daga gungu, yadda suka baro gonakin albasa da kakanninsu suka yi ta ban ruwa, yadda gidan siminti da gwamnati ta ba su ya ishe su da zafi har suka gina ɗakin ƙasa a gefensa, yadda tsohuwar ke nuna wa jikoki wani wuri a tsakiyar tafki ta ce ga ƙofar gidanmu can.

Kai ma ka san wannan ba tatsuniya ba ce. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, mutum sama da 40,000 suka bar matsugunansu. Tsohon garin Busa ya nutse aka gina sabo, Gungawa da Kambari da sauran mazauna tsibirai da gaɓar kogi a ƙasar Yawuri aka mayar da su tudu. Yarinyar nan ta tashi a cikin wannan labari, tana jinsa kullum da dare, amma ba ta ɗauke shi abin sa wa a littafi ba. Da ta bi shawararka ta kai daftarinta maɗaba'a yadda yake, da an samu ƙarin littafin likita guda a kan dubban da ke akwai, tsohuwar kuma ta tafi kabari da nata. Abin da ta yi maimakon haka ba gyaran ƙa'idar rubutu ba ne. Ta ajiye tsohon daftarin, ta ɗauki sabuwar takarda, ta fara daga bakin kakar. Mafi yawan babin farko sun zube. Soyayyar ba ta fita ba, ta dai ragu ta koma daidai girmanta, likitan ma ya koma ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye wanda ake iya gaskata akwai shi. A karo na biyun ne na fara jin muryar da ba ta kowa ba ce sai tata.

A nan muka rabu da kai, Malam. Kana magana kamar gyara shi ne a bi littafi ana sa waƙafi da ɗigo, ana mayar da k ta zama ƙ. Wannan share-share ne, ana yinsa a ƙarshe. Sake rubutu shi ne lokacin da marubuci ke gano wane littafi ne ma yake rubutawa, domin sau da yawa ba ya sani sai ya kai ƙarshen na farko ya waiwaya.

Ba a Yawuri aka fara ba. A 1957 wata Ba'amurkiya mai suna Harper Lee ta kai wa kamfanin buga littattafai daftarin labarin wata mata da ta koma garinsu. Editarta, Tay Hohoff, ta lura cewa ran littafin yana cikin 'yan wuraren da matar ke tuna ƙuruciyarta, ta ce ta koma ta gina a kansu. Aka yi shekara biyu da wani abu ana kai da kawowa, sai ga To Kill a Mockingbird a 1960. A 2015 aka buga tsohon daftarin da sunan Go Set a Watchman, don haka mai son ya gwada maganarka yana iya ajiye su gefe da gefe ya ga wanne ne mai rai. Chinua Achebe ma da farko labarin zuriya uku ya tattara a littafi ɗaya, kaka da ɗa da jika. Da ya sake dubawa ya ga kayan sun fi ƙarfin jaka guda, ya ware labarin kakan, Okonkwo, ya zama Things Fall Apart a 1958, na jikan ya fito daban a 1960.

Na san za ka ce ai ga shi na kawo Turawa da 'yan boko, na tabbatar da zarginka. To mu koma tsangaya. Gardin da ya yi satu a allo ba ya wanke shi ya wuce sai an zauna darasu, alaramma da sauran mahaddata sun bi shi harafi bayan harafi, an gano inda wasali ya kauce ko aya ta tsallake. Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya kai shi kasuwa sai gwanaye sun duba. Malaman da suka kwafi littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suna gwada kwafi da asali, gyararrakinsu na nan a gefen takardu ga mai son gani. Imamu Shafi'i ya rubuta Risala yana Iraƙi, da ya koma Masar ya sake rubuta ta, har yau ɗalibai na bambance tsohon ra'ayinsa da sabo. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu ta zo da ruwayoyi daban-daban, saboda ya yi shekaru yana karantar da ita yana tacewa. Wane Bature ne ya koya wa waɗannan? Idan akwai baƙon abu a cikinmu, to shi ne mutum ya rubuta shafi ɗari uku ya sake su ga jama'a ba tare da ido na biyu ya gani ba.

Ka kafa hujja da Mamman Shata, cewa shi nan take yake ƙaga waƙa a gaban jama'a. Haka ne, Allah ya ba shi wannan. Amma saurari Bakandamiya a faya-fayai daban-daban ka ji ko iri ɗaya ce. Ya yi shekaru yana rera ta, yana ƙara wannan yana zubar da wancan, yana kallon fuskokin mutane yana gane inda ta kama da inda ta saki. Mai tatsuniya ma haka, labarin da kaka ke bayarwa yau ya bi ta bakuna da yawa, kowane baki ya rage masa ƙaya. Adabin baka gyara ne da ba ya ƙarewa, a bainar jama'a ake yinsa shi ya sa ba a ganinsa. Marubuci ba shi da wannan gata. Mawaƙi in ya yi tuntuɓe yau gobe zai gyara a wani biki, littafi kuwa in ya fita ya fita, kuskurensa na nan a kowane kwafi. Abin da mawaƙi ke yi a shekara ashirin a gaban jama'a, dole marubuci ya yi shi a ɗakinsa kafin ya buga.

Sai zancen Abubakar Imam, wanda ka ce editansa Rupert East ya danne masa murya da jan alƙalami. Mu nan muna jin Imam kamar na gida, tunda a Kagara aka haife shi a 1911, kuma a Kwantagora, maƙwabtanmu, ya kafa labarin Ruwan Bagaja, kamar yadda wansa Bello Kagara ya ɗora Ganɗoki a kan yaƙin Kwantagora da Turawa. A nan ina ba ka rabin gaskiya. Gasar 1933 da ta haifi waɗannan littattafai ta hukuma ce, littattafan makaranta ake nema, East kuma yana da ra'ayinsa game da abin da ya dace yaro ya karanta. Hannunsa ya shiga sosai, har Jiki Magayi ya fito da sunansa tare da na John Tafida. Edita yana iya ɓarna, musamman wanda ke da iko a kan wanda yake yi wa gyara. Ni kaina ina jin haushin mai gyaran da zai ɗauki littafin Bakabe ya mayar da kowane "mi" ya zama "me", ya sa masunci a bakin kogi yana magana kamar mai karanta labarai a rediyon Kano, ko ya goge sunayen Gungawa da Shangawa don wai ba a saba jinsu ba. Idan wannan kake tsoro, muna tare.

Amma dubi abin da Imam ya yi a Magana Jari Ce, wanda ya zauna wata shida a Zariya a 1936 yana rubutawa. Labaran ciki da yawa ba shi ya ƙage su ba. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai na Indiya, akwai na Turai, shi kansa akun da ke ba da labari baƙo ne daga gabas. Me ya sa Bahaushe ke karantawa yana jin kamar a fadar garinsu abin ya faru? Saboda Imam ya ɗauki kayan wasu ya yi ta juya su, ya sauya sunaye da sarautu da raha da karin magana, har suka manta inda suka fito. Littafin da muka fi alfahari da shi a zube gaba ɗayansa aikin sake rubutu ne. Matashin da ya fara da zanen aro bai yi abin kunya ba, Imam ma da shi ya fara. Abin kunyar shi ne ya fita da shi kasuwa bai ko rage masa tsawo ba. Maganin mugun edita kuma ba barin gyara ba ne, shi ne marubuci ya riga kowa gyara kayansa, ya san dalilin kowace kalma, yadda in aka zo taɓa "mi" ɗinsa zai iya cewa a bar ta, da gangan na sa.

Akwai wani nau'in gyaran da ba ka ambata ba sam, wato binciken gaskiyar abin da aka faɗa. Na ga daftarin wani ɗan garin nan da ya sa tafki ya janye a tsakiyar hunturu har jaruminsa ya taka da ƙafa zuwa wani gungu. A rafukan ƙasar Kano haka ne, damina na wucewa ruwa ke ƙafewa, daga littattafan can ya kwaso. Kogin Kwara kuwa cika biyu yake yi a wajenmu. Akwai farin ruwa mai laka da damina ke kawowa, akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso mana cikin sanyi. Lokacin da marubucin ya ce ruwa ya janye, lokacin ne tafki ke cike maƙil, sai bazara ta yi nisa yake sauka manoma su bi bayansa da shuka. Shi ma ya san haka, da idonsa yake gani kowace shekara, amma hannu mai gudu bai tsaya ya tambayi ido ba. Mai karatu a Zariya ba zai lura ba. Na Yelwa da Wara da Shanga zai lura, kuma daga shafin nan ba zai ƙara yarda da komai a littafin ba, har da hawayen jaruma. Wanda ke son rubuta labarin Yawuri ta dā ba shi da uzuri ma, tunda Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi nazarin mulkin Yawuri na ƙarni na 19 tun 1968 a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma tsofaffi a raye da suka ga tashin gungaye. Irin wannan tambaya ba a yinta ana tsakiyar zubo labari, sai an gama an dawo.

Yanzu kasuwa. Ba na musun cewa littattafan da suka cika Kano tun daga shekarun 1980 sun fito ne ba tare da manyan kamfanoni ko editoci ba. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da takwarorinsu sun sa mata da matasa karatun Hausa fiye da yadda kowace hukuma ta taɓa yi, masu sukarsu a jaridu a wancan lokaci kuma sun yi musu rashin adalci da yawa. Amma cikin dubban littattafan da aka buga a wannan zamani, nawa ake nema yau? In Da So Da Ƙauna yana nan. Alhaki Kuykuyo Ne ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Waɗanda suka rayu su ne masu ginin da ya tsaya da ƙafarsa. Sauran, waɗanda sunan jaruma ke sauyawa tsakanin littafi na ɗaya da na biyu, ko wanda aka binne a babi na huɗu ya dawo yana cin tuwo a na tara ba tare da bayani ba, sun tafi da takardar ƙunshe ƙosai. Rashin gyara bai taimaki na farkon ba, na biyun kuwa shi ya kashe su.

Na fi tausaya wa masu rubutu a waya, waɗanda ke sakin shafi kullum a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu sun biya kuɗi suna jiran na gobe. Ba zan ce wa mace mai 'ya'ya da ke samun na cefane da wannan ta dakata shekara biyu ba. Charles Dickens ma kashi-kashi yake sakin littattafansa a Ingila ana jira, kuma duk da haka ya sauya ƙarshen Great Expectations a 1861 bayan wani abokinsa marubuci ya karanta ya ba shi shawara. Illar sakin shafi kullum ita ce alƙalamin yana komawa hannun masu karatu. In sun ce a kashe kishiya a kashe ta, in sun ce a ƙara a ƙara, labarin da ya kamata ya tsaya a shafi ɗari biyu ya kai ɗari bakwai don kada kuɗi su yanke. To a yi hakan in ya zama dole, amma a kira shi da sunansa, daftari ne da aka rubuta a gaban jama'a. Ranar da za a mayar da shi littafi, a bar shi ya kwana biyu har marubuciyar ta manta daɗin jimlolinta, ta karanta shi da ƙarfi a gaban wanda ba ya jin kunyarta, ta nemo tsohuwar da ta ɓoye a layi biyu, sannan ta buɗe sabon shafi maimakon ta yi ta liƙe-liƙe a tsohon.

Ka yi lissafin abin da jinkiri ke ci, ba ka yi na abin da gaggawa ke ci ba. Takarda da tawada sun yi tsada yadda marubuci a Yelwa, wanda sai ya aika aikinsa Kano ko Kaduna ko Sakkwato a buga masa, da wuya ya samu zarafin bugu na biyu. Kuɗin da ya tara ko ya ranto na bugu ɗaya ne. A duk matakan fitar da littafi, sake rubutu ne kaɗai ba ya cin ko kwabo, sai lokaci da haƙuri, kuma shi ne kaɗai ba wanda zai iya yi masa. Mai kuɗi yana iya buga shirme ya sake bugawa. Talakan marubucin da ka ce kana karewa shi ne wanda ba shi da halin yin haka, shi kuma ka ce wa ya tsallake matakin da ke hannunsa kyauta.